Buzun Malam Ya Je Kaduna Ya Komo

Da sunan Allah nika farawa, shi da ya kai ni ya maido ni lafiya.

Mutanen majalisarmu ta gindin durumi sun hana ni sakat. Da an sallame la'asar an zauna, sai wani ya ce, "Modi, ba mu labarin Kaduna." In na ce ai kun ji shi har kun haddace, sai su ce wane ba ya nan ran da na bayar. Na san dariya suke nema, don duk Fakku an san ni da hali guda: ba ni son nisa da gida. Ko kasuwar Kebbe na ci, tun rana na tsaka hankalina ya koma ga shanuna. Tafiya ɗaya na taɓa yi mai sunan tafiya, kuma tunda haƙora sun fara yi mini ban kwana, gara in aje ta a takarda da ɗan bokon da na tsinta a ajin yaƙi da jahilci. Wanda ya ga kuskure ya gyara a hankali.

Lokacin Jihar Sakkwato tana sabuwa, arzikin mai ya shigo ƙasa. Kwano ya fara ƙyalli bisa ɗakuna, kowane saurayi na yawo da rediyo a kafaɗa, hira kuwa ba ta wuce kwangila da kwalta. Mu dai gidanmu gidan karatu ne. Mahaifinmu, wanda kowa ke kira Malam har mu 'ya'yansa, shi ke da makarantar unguwarmu, ya gaje ta ga ubansa. Mu biyu ne maza. Ni ne babba, amma karatu bai zauna mini ba. Na kai tsakiyar Tabara na cije, na bi shanu. Ƙanena Haliru shi ya kwashe kan gidan duka. Ya sauke tun yana ɗan ƙarami, ya yi littattafai gaban Malam, sannan anka ɗauke shi boko, ya yi makarantar koyon sana'a, ya samu aiki a wata masana'anta a Kaduna inda ake ƙera kayan ƙarfe na motoci.

Allona kuwa yana nan rataye a zaure da rubutunsa, tawadar har ta koɗe. Malam ya hana a wanke. Ƙa'idarsa ce: ba a wanke allon da ba a biya ba, malami kuma ba ya naɗe buzu ya bar ɗalibi a tsakiyar allo, ko hakimi ne ya aiko kira. In baƙo ya tambayi allon wa ne wancan, sai ya ce, "Na Mai Shanu ne. Bai bari ba, ya dai tafi ban ruwa." Mai Shanu yake ce mini, don ba ya faɗin sunan ɗan fari. Ban ruwan nan kuwa ya haura shekara ashirin.

A bazarar wannan shekara jikin Malam ya yi rauni. Ido ya dushe, ƙafa ta ƙi. An sha yi wa Haliru saƙo ta bakin direbobi, amsa guda ke dawowa: yana nan tafe. Wata safiya, bayan yara sun tashi, Malam ya kira ni.

"Mai Shanu, za ka tafi Kaduna."

"Ni, Malam?"

"Akwai wani mai shanu nan ban da kai?"

Ya muskuta ya sauka bisa tabarma, ya jawo buzun da yake zama a kai yana karantarwa, wanda ubansa ma ya zauna a kai, ya naɗe shi da hannunsa ya miƙo mini. Tunda nake ban taɓa ganin buzun nan a naɗe ba.

"Ka kai mai. Ba sai ka yi dogon bayani ba, ya san mi buzu ka nufi. Ina son in ji muryatai bisa shi tun kunnena na ji."

Mai ɗakina ta haɗa mini tsaraba kamar wanda za shi Makka a ƙasa: daddawa, kuka, busasshiyar kuɓewa, dawo, da langa guda cike da man shanu, ta ɗaure bakinta da tsumma. Na cusa duka a buhu ɗaya tare da buzun. Wannan ita ce wautata ta farko.

Zuwa Kebbe a jaki na je, wannan ba labari. Daga nan na hau akori-kura zuwa Tambuwal, mu da awaki da buhunan gero, hanyar tana jefa mu sama tana cafewa. A Tambuwal na sauka gidan Alhaji Buhari tela, tsohon ɗalibin Malam. Da ya ji abin da ke cikin buhuna sai ya ce, "Malam ya naɗe buzu? To, abin ya kai." Ya yanka mini zabo, ya koya mini yadda ake zama a birni: kar in gai da kowa da na gani a titi, kar in amsa wa wanda ya ce ya san ni, kar in tsaya tsakiyar kwalta ina kallon bene. Duka ukun sai da na yi.

Da safe ya sa ni a bas mai zuwa Kontagora. Anka ɗora buhuna a kan ragar ƙarfe da ke saman kujeru. Wanda ya zauna ƙarƙashinsa wani saurayi ne akawu, da wando mai faɗin ƙafa kamar tsintsiya, da suma tuli guda ya soka mata mataji. Na gaishe shi, na tambayi mutanen gidansu, ya amsa da hanci yana karanta jarida. Mun wuce Jega rana ta buɗe. Can wajen Koko na ga wani abu ya ɗiga a jaridar. Ya dubi sama. Na dubi sama. Man shanun mai ɗakina ne ya narke, ya bi ta buhu, kuma ashe ya daɗe yana sauka cikin sumar nan ba ta bari ya ji ba.

Motar ta kaure. Wata tsohuwa mai albasa ta ce, "Ɗana, kar ka ji haushi, amare ma sai sun roƙa ake shafa musu irin wannan." Wani ya ce a miƙo tuwo tun yana da zafi. Akawu ya yi Turanci mai yawa, ni kuwa ina ta ba da haƙuri ina goge masa ƙeya da hannun rigata. Abin mamaki, kafin mu kai Yawuri mun zama abokai. Shi ya nuna mini kogin Kwara, na ce wannan ai teku ce, ya ce wannan ƙanenta ne ma. Ya saya mini soyayyen kifi, na ba shi dawo. Da na duba buzun sai na tarar gefe guda ya sha mai ya ƙoshi.

Gaba da Yawuri akawu ya taɓa ni ya ce, "Nan jiharku ta ƙare." Na leƙa ina neman ganuwa ko shinge, ban ga komai ba sai ciyawa iri ɗaya, da gangunan da 'yan sanda sunka tare hanya da su. Anka ce kowa ya sauko da kayansa. Wani kofur baƙi dogo ya zare buzun ya shinshina.

"Wannan fa?"

"Buzun Malam ne, ranka ya daɗe."

"Malamin naku tsire yake yi?"

Sai da na ba shi labarin langa. Ya yi dariya har ya riƙe ganga, sannan ya ja ni gefe ya rage murya, ya ce matarsa na da tsohon ciki, in taimaka da addu'a. Ya ga buzu, ya ɗauka ni ne malamin. Ban ƙaryata kaina ba, ban kuma ƙaryata shi ba. Na ɗaga hannu na karanta masa Fatiha, ita dai na iya ta ba gargada.

A Kontagora munka kwana a rumfar masallacin tasha. Nan na fara cin sakwara, na yi ta neman ɗanɗanon hatsi a cikinta ban samu ba. Washegari wata motar ta ɗauke mu ta Tegina. A wata gangara na ji direba yana ta taka birki yana kiran sunayen Allah ɗaya bayan ɗaya, motar ba ta kula shi ba sai da munka kai ƙasa. Ku riƙe wannan, zai dawo.

Kaduna ba ta da gefe. Unguwar su Haliru, Kakuri, jiniya ke tashin mutane, ba zakara ba. Da ta yi kuka sai ka ga jama'a sun ɓarke a kan kekuna, kowa fuska a gaba, ba mai tambayar wani kwanan iyali. Gidan haya suke, ɗaki-ɗaki, ƙabila kusan goma a tsakar gida ɗaya da famfo ɗaya. Mu a nan ruwa ake nema. Su can ruwa na zuwa har gida, amma sai an yi layi an yi faɗa. Matar Haliru, Hajara, ta karɓe ni kamar uba. Wata maƙwabciyarsu Bayarabiya da ta ji baƙo ya zo ta aiko da teba da miyar agushi. Na zauna ina tauna, ina tauna, abin ya ƙi ƙarewa, sai Hajara ta leƙo daga bayan labule ta ce, "Yaya, haɗiyewa ake yi."

Haliru ya yi ƙiba kaɗan, ya sa agogo, Hausarsa ta koma irin ta rediyo. Na ce, "Kai, wa ya sace maka bakinka?" Ya yi dariya. Amma na lura idonsa na komawa ga buhuna. Baƙo ba ya sauke saƙo ran da ya iso, don haka na bari sai da na huta. Ranar da na ga ya kamata, bayan mun karya, na ciro buzun na aje a gabansa.

Ya daɗe yana kallonsa. Bai taɓa ba. Ya san in ya sa hannu ya karɓa, ya amsa ke nan.

"Jikin nasa ya kai haka?"

"Ya kai. Tashi ka ɗaura kaya."

"Yaya, ba zan iya karɓa yanzu ba. A ba ni zuwa kaka."

"Kaka? Wa ya ba ka takardar cewa Malam zai ga kaka?"

Ya ce an sake musu tsarin injin awo a wurin aiki, shi ne shugaban sifetocin da ke duba kaya, shi anka ɗora wa koya musu, kuma bai gama ba. Raina ya ɓaci. Na ce masa abin da ban taɓa ce masa ba. Na ce na bar shanuna, na ƙetare kogi, na sha kunya gaban 'yan sanda, ashe ƙarfe ya fi uba. Hajara ta fita daga ɗakin. Shi bai ɗaga murya ba, ya ce, "Ka biyo ni yau ka gani. In ka gani ka ce in tashi, zan tashi."

Ya nemo mini izni a bakin ƙofa, anka ba ni wata farar riga na ɗora bisa tawa. Munka ratsa wani ɗaki mai tsawon kasuwa, ƙara kamar ana daka a cikin kanka, har munka kai wani ɗan ɗaki na gilashi. Da na ga tsabtarsa sai na tuɓe takalma a bakin ƙofa kamar masallaci. Ma'aikata sunka yi ta murmushi. Da na taka ciki na gane kuskurena, don sanyin iyakwandishan ya kama tafin ƙafata kamar na shiga rijiya.

A tsakiyar ɗakin akwai tebur na baƙin dutse, sumul kamar ruwa a kwance. Bisa shi wani hannun ƙarfe ke yawo gaba da baya ba ƙara, a bakinsa ɗan tsinke mai jan dutse kamar ƙwayar tsakiyar da mata ke sawa a wuya. In an aza ƙarfen da anka ƙera, sai tsinken ya je ya taɓa shi nan, ya taɓa can, yana ɗan kuka "ƙit", lambobi su fito a wani gilashi kamar talabijin. Na kai hannu zan shafa wani ƙarfe da ke gefe, sai mutum uku sunka ce "A'a!" a tare. Wai ɗumin hannu ma kumbura ƙarfe yake. Wai ko daga waje anka kawo shi, sai ya kwana a ɗakin ya huce kafin a auna. Na ce to, wannan kam al'adarmu ce, baƙo sai ya huta ake tambayarsa labari.

"Mene ne wannan ɗin?" na tambaya.

"Na birkin mota ne. In ya fi yadda anka zana da kaurin gashi, ko ya gaza, mu ne za mu hana shi fita."

Na tuna gangarar Tegina da direbanmu.

Haliru ya bayyana mini cewa injin bai sake ba, teburin da hannun su ne tun da. Abin da anka sake shi ne furogiram, tsarin da ke cikin kwamfutar, wato yadda ake yi wa injin magana da yadda yake amsawa. Na ce, "Kamar ka kwana da sanka, ka tashi ka tarar ba ya jin kiran da ka saba yi masa?" Ya ce haka ne daidai. Wani Bature ya zo ya koya musu na ɗan lokaci, ya bar littafi mai kauri ya hau jirgi. Manaja kuma ya ce ƙarshen damina za a gwada kowane sifeto gaban injiniya. Wanda ya kasa, ya bar ɗakin, ko gadi ko sallama. Samarin duk sun kama. Saura mutum ɗaya.

Da jiniyar tashi ta yi kuka kowa ya watse, sai wani dattijo gajere mai furfura ya shigo yana goge tabarau. Baba Bitrus ke nan, mutumin kudancin Zariya, Kirista. Ya kama hannuna da hannu biyu.

"Kai ne Yayan Oga? Sannu da hanya. Wannan da kake gani, ran da ya zo nan ko riƙe ma'auni bai iya ba. Ni na kama yatsunsa na koya masa. Yau ga shi shi ke kama nawa."

"Baba, bar tone-tone, zo mu fara," in ji Haliru.

Na samu kujera a lungu na naɗe ƙafafuna saboda sanyi. Haliru bai buɗe littafin Bature ba. Ya ja kujera ya zauna gefen dattijon, ya ce, "Biya." Sai ya fara faɗa, Baba Bitrus na maimaitawa.

"Gai da ƙwallo."

"Gai da ƙwallo." Ya kai tsinken ya taɓa wata ƙwallon ƙarfe da ke kafe a kusurwar tebur, don injin ya san bakin tsinkensa.

"Fuska, taɓa uku."

"Fuska, taɓa uku."

"Gefe, biyu. Baki, ɗaya. Sannan ka tambaye shi rami."

Gashin jikina ya tashi, kuma ba sanyin ɗakin ba ne. Ni karatu ne ban iya ba, amma kunne Allah ya ba ni. Wannan karin da yake ja, da yadda yake sauke murya a ƙarshe, da ɗan bugun gwiwa da yatsa biyu, duk na Malam ne. Hausar rediyon ma ta gudu, bakin Fakku ya dawo.

Baba Bitrus ya yi komai daidai. Lambobi sunka jeru a gilashi. Sai kawai babban yatsansa ya tafi da kansa ya danna wani koren maɓalli, gilashin ya goge fes. Ashe a tsohon tsari, in ka gama awo koren maɓallin kake dannawa injin ya buga sakamako. A sabon, shi ne mai share komai a koma farko. Shekara da shekaru yatsan nan na rufe aiki da shi kamar mai cewa amin.

Dattijon ya dafe kai. "Kai! Wallahi na san ba shi ba ne. Kaina ya sani, hannun ne bai sani ba."

Na san wannan ciwon. A ajin yaƙi da jahilci hannuna ya yi wata da watanni yana fara rubutu daga dama.

Haliru bai ce ka yi kuskure ba. Ya yi gyaran murya sau biyu, ƙasa-ƙasa, ya ce, "Koma baya kaɗan, ba mu da sauri." Kalma da kalma abin da Malam ke ce mini ke nan a tsakiyar Tabara, kullum, har ran da na tafi ban ruwa.

Sunka sake. Ya sake dannawa. Sunka sake. A karo na gaba ya kama yatsan da ɗaya hannun, munka yi dariya mu duka, amma idonsa ya kawo ruwa. Ya juyo gare ni.

"Yaya, na ji abin da ya kawo ka. Ka tafi da shi. Uba ɗaya ne. Ni in sun kore ni, ina da gonar citta a gida, ba zan mutu ba."

"Baba, biya," in ji Haliru, ko kallonsa bai yi ba. "Gai da ƙwallo."

Munka koma gida. Buzun na nan inda na aje shi, Hajara ta share ko'ina ta kewaye shi. Na tsuguna na ɗauka na mai da shi buhu da hannuna.

"Mi za ka ce ma Malam?" Haliru ya tambaye ni.

"Abin da kunnena ya ji."

Na faɗa da ƙarfin hali, amma tun daga Kaduna har Kebbe buhun nan ya fi dutse nauyi. An aike ni in kawo mutum, ina komawa da fata. In Malam ya cika kafin kaka, ni ne na ce a zauna. Kofur ɗin nan na iyaka ya gane ni, ya rungume ni, ya ce an samu namiji, addu'ata ta ci. Ko wannan bai sa na yi dariya ba.

Na iso Fakku da hantsi. Malam na zaure bisa tabarma tsura. Na gaishe shi, na aje buzun a gabansa. Ya lalubo shi, ya shafa, ya kai hanci.

"Man shanu?"

"Tsautsayin hanya ne, Malam."

"Ina shi?"

Na ba shi labari tun daga teburin dutse har koren maɓalli. Ban rage ba, ban ƙara ba. Na kwaikwayi muryar Haliru, da gyaran muryar, da bugun gwiwar. Na faɗa masa dattijon Kirista ne. Na faɗa masa ni na ɗauko buzun da hannuna, ba wanda ya sa ni.

Malam ya juyo da fuskarsa gare ni.

"Shi tsohon, shi ya fara koya mai aikin?"

"Shi ne."

"Kuma bai biya ba tukuna?"

"Bai biya ba."

"To da mi zai taso? Da ya biyo ka, da kai za ka mai da shi." Ya tura mini buzun. "Shimfiɗa."

Na shimfiɗa, na kama shi ya hau. Ya gyara zama, ya juya fuskarsa wajen bangon da ba ya gani.

"Mai Shanu, shanun nan sun sha ruwa haka nan. Sauko da allonka."

Haka na zauna cikin yara da gemuna, duk daminar nan, da safe kafin in tafi gona. Yara na dariya a ɓoye, ni ina gargada, Malam na gyaran murya. Wata rana muryarsa ta fita, wata rana sai na kai kunne kusa da bakinsa. Kullum na ji ƙarar mota daga nesa sai in rasa inda nake a allon, shi kuwa ya ce, "Koma baya kaɗan, ba mu da sauri." Ni na san muna da sauri. Shi ma ya sani.

An fara yankan gero Haliru ya iso, da Hajara da kayansu, da ƙullin citta da Baba Bitrus ya aiko wa Malam. Ya ce ran gwaji dattijon ya auna ƙarfensa tsaf, ya buga sakamako, sannan ya soke hannuwansa biyu a hammata ya ja da baya, har injiniya ya tambaya ko sanyi yake ji.

Malam ya ji duka yana murmushi. Lokacin ba ya iya tashi sai an ɗaga shi. Ya ce mu sauke shi bisa tabarma. Ya lalubo hannun Haliru ya ja shi ya zaunar a kan buzun, daidai gefen da ya sha mai.

"Ka gama da na Kaduna?"

"Na gama, Malam."

Ya nuna inda nake zaune da allona a cinya.

"To, ga na gida."

Haliru ya dube ni, na dube shi. Ya buga gwiwa da yatsa biyu, ya ce, "Yaya, biya." Malam ya jingina da bango ya rufe ido yana saurare.

Bai ga wata daminar ba, Allah ya jiƙansa. Tabara kuwa na fita daga cikinta, a hannun ƙanena, anka wanke allon. Buzun na nan a zaure har yau. In rana ta yi zafi, wanda ya matsa kusa zai ji ƙanshin man shanu.